Ashanar da Na Ƙyasta a Gidan Lariba

Na gaji da jin labarin nan a bakin waɗanda ba sa wurin. A Salaga ana cewa na zagi Hajiya Lariba a gaban baƙinta. A Bawku ana cewa na ɗauke matar ɗanta da ciki na gudu. A nan Yendi ma, cikin gidana, na ji jikata tana gaya wa ƙawarta wai kakanninta biyu sun ɓata ne a kan magani, kamar wasu yara. To, tunda gwiwoyina sun ƙi kai ni bakin asibiti in sayar da kokona, zama ya same ni, bari in faɗe shi sau ɗaya in huta. Ku 'ya'yana da jikokina nake wa, wanda ya ga dama ya yarda.

Ku da kuka san Lariba da tsufa, da carbi da farin mayafi, ba ku san ta ba. Ni na san ta tun muna ɗaukar tulu zuwa rijiya a Salaga, tun muna tallan goro a tasha, ita tana kiran masu saye, ni ina riƙe faranti saboda kunya. Bakinta ba ya shiru, hannunta kuma ba ya iya riƙe abu, duk abin da ta samu sai ta raba. Shekara ɗaya aka yi mana aure, aka kawo ni Yendi gidan Malam Inusa tela, ita aka kai ta Bawku. Nisan bai raba mu ba. Duk babbar sallah sai mun haɗu a Salaga, mu shige ɗaki ɗaya mu bar mazanmu su nemi inda za su sa haƙarƙarinsu. Da ɗanta Mumuni, mai fataucin shanu, ya ga 'yata Adiza a wani biki ya ce yana so, ita ma ta ce tana so, wallahi mun fi su murna. Na ce wa Adiza ke kam ba gidan suruka za ki ba, gidan uwa za ki. Ban yi ƙarya ba kuma, Lariba ta riƙe ta fiye da yadda ni na riƙe ta.

Yanzu sai in yi muku bayanin jiƙon da muka ɓata a kansa, don yaran yanzu ba ku san shi ba. A wurinmu mace mai ciki tana shan maganin zaƙi, wai ya wanke mata ciki haihuwa ta zo da sauƙi. Na iyayenmu na Salaga ɓawon maɗaci ne da kimba da kanumfari da wasu saiwoyi, a dafa a ruwa, a sha da ɗumi. Ni ma shi na sha a cikin dukkanku. Aibinsa ɗaya, ba ya jimawa, kafin ka ankara ya yi yami ya fara kumfa, sai a zubar a sake dafa wani. Lariba ta gaji sanin saiwoyin nan wurin kakarta, ta tafi da shi Bawku, ta yi suna da shi a zongo, unguwar Hausawa. Ba sayarwa take ba. Sadaka take yi, duk Juma'a masu ciki su zo da 'yan kwalabensu ta tsiyaya musu, ana cewa hannunta da albarka. Ni ina Yendi ina jin labari ina alfahari, ban taɓa tambayar yadda maganin da na sani yana lalacewa ya koma abin zubawa a kwalba ba.

Cikin fari a gidan uwa ake haihuwarsa, kun sani. Amma shekarar da Adiza ta sami cikin Yakubu ita ce shekarar ciwon ajalin babanku, ina tsakanin gida da asibiti, ko kaina ban sani ba. Lariba ta aiko cewa in bar mata yarinyar, in ji da malam. Na gode mata har da kuka. Aka haifi Yakubu ɗan mitsitsi, ba ya kama nono sosai, ba ya barci, kuka kawai. Kansa ƙarami, idanunsa 'yan ƙanana, leɓensa na sama siriri kamar an ja zare. Muka ce kamannin wani kaka ya ɗebo. Ya makara wurin zama, ya makara wurin tafiya, sa'o'insa suna makarantar allo shi bai iya haɗa magana ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an ce iska, an ce baki. Lariba ta goya shi har bayanta ya sage, ba ta yarda kowa ya kira shi da wani suna ban da nasa.

Ni kuwa bayan takaba na koma sana'ata. Teburina yana jikin rumfar da masu ciki ke zama ranar awo, don haka wa'azin nas-nas ɗin nan na haddace shi ba da niyya ba: gidan sauro, maganin ƙarin jini, ganye da wake. Akwai wata nas 'yar ƙabilar Dagomba, ta yi da yarensu, sannan ta maimaita da Hausarta ta kasuwa saboda matan zongo. Idan ta zo kan giya sai ta ɗaga murya, ta ce abin da uwa ta sha ɗa ya sha, yana bi ta cibiya ya taɓa ƙwaƙwalwar da ba ta gama haɗuwa ba, kuma abin da ya taɓu ba ya gyaruwa. Har kamannin irin yaran takan faɗa. Daidai nan matanmu ke juya baya su hau hira, ko su leƙo su ce in zuba musu koko. Wata kuma takan ce wa nas ɗin:

"Madam, wannan na masu pito ne, mu Musulmi ne. Wuce gaba."

Pito giyar dawa ce ta mutanen ƙauyukan nan. Ni ma dariya nake yi idan an faɗi haka, don gaskiya ce a ganina, me ya haɗa 'yar zongo da giya? Maganar tana shiga kunnena dai tana zama, ban san ajiya nake yi ba.

Yakubu ya kai shekara biyar ko fi sai Adiza ta bugo mini waya ta ce ta sami wani cikin. Na ce wannan karon sai na gan ta da idona. Na rufe tebur, na hau mota, muka yi ta tsayawa a shingaye ana sauke mu ana duba kaya, na isa Bawku ƙugu kamar ba nawa ba. Lariba ta tarye ni da guɗa, ta yanka mini zabo, muka yi hirar Salaga har muryarmu ta dushe. Washegari bayan mun karya sai ta shiga ɗaki ta fito da wata ƙatuwar kwalba, saiwoyi cunkushe a ciki, ruwan ya yi jawur. Ta cika ɗan kofin gilashi ta miƙa wa Adiza ta ce ta yi bismilla. Kafin kofin ya kai bakinta warin ya iso ni. Na san warin nan. Shi nake ji a bakin mazan da ake kawowa asibiti sun faɗi da babur ranar kasuwa. Na daure har Adiza ta tashi.

"Lariba, da me kika jiƙa wannan?"

"Da abin da ake jiƙawa mana."

"Ruwa?"

Ta kwashe da dariya har tana dukan cinyata.

"Ke dai har yanzu baƙauyiya ce, Zuwera. Na ruwa yaushe zai jure zafin Bawku? Apeteshi ake zuba masa, shi ke jawo ƙarfin saiwa. Sai ya shekara bai yi komai ba. Matan kasuwa suka koya mini tun ina amarya."

Apeteshi, in ba ku sani ba, farar barasar nan ce da ake kawowa daga kudu a jarka, wadda ko mashayan ma tsoronta suke.

"Giya ke nan fa, Lariba."

"A'uzubillahi! A gidana? Giya ita ce wadda ake sha don a bugu. Wannan tun makon farko maɗaci ke cinye ta, magani kawai ke saura. Ɗanɗana ki ji ɗaci, wane mashayi ne zai sha wannan?"

Ku gane, ba ɓoyewa take ba. Matar da ta je Makka, matar da ba ta barin azumin Litinin da Alhamis, har zuciyarta ta yarda cewa ɗacin saiwa yana kashe giya. Duk zongon haka suka yarda. Da ɓoyewa take da abin ya zo mini da sauƙi.

Da rana na sami Adiza a ɗakinta na rufe ƙofa na tambaye ta tun yaushe take sha. Ta ce tun cikin Yakubu, tun watannin farko, saboda laulayin ya zo mata da amai, shi kaɗai ke kwantar mata da zuciya ya sa ta barci. Safe da yamma, da duk lokacin da zuciyarta ta tashi. Bayan haihuwa ma ba ta bari ba, aka ce yana gyara jiki. Yakubu yana zaune a ƙasa yana buga murfin tukunya, na dube shi, na ga duk abin da nas ɗin nan ta sha lissafawa ina zuba koko ina dariya. Adiza ta sunkuyar da kai ta ce:

"Mma, in ban sha ba hannuna rawa yake."

Wannan maganar ita ta fi komai tsorata ni. Na ɗibi jiƙon a 'yar kwalba, na ce wa Lariba za mu kasuwa duba atamfa, na ja Adiza da yaron muka je asibiti. Nas ɗin da muka samu ta shinshina sau ɗaya ta ajiye. Ta daɗe tana kallon Yakubu, ta ce shi ba za ta rantse mini ba, sai manyan likitoci sun duba, kuma ko su ba lalle su ce tabbas ba. Amma na cikin nan, ta ce, babu kaɗan babu da yawa, a daina, duk ranar da aka daina riba ce ga yaron. Ta ƙara da cewa tunda jikin ya saba, kada a bar ta ita kaɗai, a riƙa kawo ta ana dubawa.

Masu cewa na shiga gidan mutane da faɗa, ina suke lokacin da nake lallashi? Na roƙi Lariba a ɗaki, mu biyu. Na ce mu koma na iyayenmu, ni zan zauna har haihuwa in riƙa dafawa da ruwa kullum. Na ce to a bar maganin gaba ɗaya, yarinyar nan lafiyarta lau. Na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da kakarta. Sunan Yakubu kaɗai ne ban bari ya fita bakina ba, don na san abin da yake a wurinta. Ta saurare ni tana ɓare gyaɗa, sannan ta ce:

"Kin zauna bakin asibiti kin zama likita ke nan. Fita zongon nan ki dubi yaran da aka haifa da jiƙona, ga su can suna ƙwallo. Zuwera, ki ci abincinki ki huta, tafiya ce ta gajiyar da ke."

Gari na wayewa ta sake cika kofin, ta tsaya a kan Adiza har ta shanye. Adiza ta kalle ni ta saman kofin. Ya za ta yi? Matar ta riƙe ta shekara da shekaru, Adiza ba ta taɓa ce mata a'a ba, kuma jikinta ma yana so.

Sai Juma'a ta zo. Da hantsi tsakar gida ta cika da masu ciki, wasu yara ƙanana da cikin fari, kowa da kwalbarta a bakin zane. Lariba ta zauna a kujerarta tana tsiyayawa tana sa musu albarka. Ina bakin murhu ina kallo. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar autata ba ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah ya saka wa Hajiya da Aljanna. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗauki farantin tasa da ashana, na je na karɓi kwalbar daga hannun yarinyar, na juye a farantin, na ajiye a tsakiyarsu.

"Hajiya ta ce maɗaci ya cinye giyar. To ku duba."

Na ƙyasta na jefa. Wuta ta kama saman ruwan, shuɗiya, tana lilo, ba hayaƙi. Wata ta yi salati. Wata ta saki kwalbarta ta fashe. Na ce musu ruwa ba ya cin wuta, abin da kuke ba 'ya'yanku ke nan tun ba su ga duniya ba. Na faɗi duk abin da na haddace a bakin rumfar awo, ban rage ba. Lariba ba ta dubi wutar ba, ni take kallo, har wutar ta mutu don kanta. Sannan ta gyara mayafinta ta ce wa matan da ke kusa da ita, a hankali:

"Ku ɗauko wa baƙuwar nan jakarta."

Baƙuwa. Ni. Na sha zagi a rayuwata, na talla da na tasha, babu wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan. An ce me ya sa ban yi a ɓoye ba. Na yi a ɓoye, bai yi ba. Na kunyata ta a gaban mutanen da suke ganin girmanta, na sani, na kuma san me kunya take a wurin mace irinta. Amma ba na neman gafarar kowa a kan ashanar nan, ku daina jiran in nema.

Na ce ba zan fita ba sai da 'yata. Aka kira Mumuni daga kasuwar shanu, ya zo da ƙurar kara a ƙafarsa, ya tsaya tsakanin ɗakin uwarsa da ni, yaron kirki, zufa tana zuba.

"Mma, ciki na biyu ne, ba al'ada ba ce ta tafi gida. In ta fita ba da yardar Hajiya ba, ni ina zan sa kaina?"

"Ɗana, ban ce ka zaɓa tsakanina da uwarka ba. In Adiza ta kwana a gidan nan, gobe da safe za a miƙa mata kofi, kuma za ta sha. Ka ce mini ƙarya ne."

Ya shiga wurin uwarsa ya daɗe, ya fito idonsa ja. Bai ce tafi ba, bai ce zauna ba, ya dai ɗauki jakar Adiza ya ɗora a babur ya kai tasha. Yakubu kuwa Lariba ta riƙe hannunsa ta ce shi ba inda za shi. Adiza ta yi kuka tun daga Bawku har muka wuce rabin hanya.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ba ta barci, ba ta cin abinci, hannu na rawa, abu kaɗan ta hau ni da faɗa. Ta ce na raba ta da ɗanta, na kashe mata aure, na ci amanar matar da ta fi ni sonta. Na haɗiye. Kullum in ja ta mu je asibiti, nas-nas ɗin da suka saba shan kokona suka tsaya mata tsayin daka, Allah ya biya su. A hankali jikin ya lafa. Ta haihu da damina, mace, da ƙiba da ƙarar murya, ta kama nono tun ba a gama wanke ta ba. Na zauna a ƙasan ɗakin haihuwa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar malam. Mumuni ya zo suna da rago, shi kaɗai, ya sa wa yarinyar sunan uwarsa. Ita ce wadda kuke kira Ummi, mai bakin nan da ba ya shiru. Bayan arba'in Adiza ta koma ɗakinta, ba a sake miƙa mata kofi ba, ba a kuma sake ambaton sunana a gidan ba.

Kada ku ɗauka na ci wata nasara. Wasu matan zongon sun daina, wasu suka ce asiri na yi wa farantin. Lariba ta bar rabon Juma'a, sai suka koma sayen na kasuwa, wanda ake ƙullawa a 'yar leda da hoton saiwa a jiki. A nan Yendi na yi ta faɗa a bakin teburina har aka sa mini suna Hajiya Ashana, masu ciki suna ganina su ce mun ji, mun ji, zuba mana koko. Na gaji. A Salaga kuwa, duk biki sai an raba mana ɗaki, a sa ni gabas a sa ta yamma. Mukan haɗu a bakin randa, in ce ina kwana, ta amsa wa bango. Shekara fiye da goma muna haka, mu da muka yi tallan faranti ɗaya.

Bara waccan Adiza ta bugo ta ce Hajiya ba lafiya, ƙafafu sun kumbura, kuma ta ce a kira ni. Na sa aka ɗora ni a mota. Na same ta ta ƙanƙance a kan katifa, Yakubu yana zaune a gefenta yana mata fifita. Ya zama saurayi, gemu ya fara fitowa, amma har yau ba a aikensa shi kaɗai, makaranta kuwa tun tuni aka haƙura. Ita ke masa komai, shi ma ba ya yarda da kowa sai ita. Ta ce kowa ya fita. Ta ce masa shi ma ya je ya ga ko an sauke tuwo, ya tashi yana dariya ya tafi. Na ɗauki mafici na ci gaba daga inda ya tsaya. Ba ta gaishe ni ba, ba ta tambayi hanya ba. Idonta yana kan ƙofar da ya fita.

"Zuwera, ke ba kya ƙarya. Ni na yi masa?"

Na ce, "Lariba, ba ki sani ba. Babu wanda ya sani a lokacin. Alheri kika nufa, Allah kuma yana duba niyya."

Ta juyo da kai da ƙyar ta dube ni.

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ni da na tsaya a tsakar gidanta na faɗi abin da ba wanda ya iya faɗa, ran nan bakina ya ƙi buɗuwa. Na riƙe hannunta, ta bar mini shi. Muna nan a haka har aka kira la'asar. Cikin makon ta rasu, ni na yi mata wanka, ban ba ta amsa ba.